Jar Fitila a Dashbod: Yadda Sana'ar Masu Wayarin Ta Taso a Ƙasar Malumfashi

Duk direban da ya taɓa ɗauko lodin masara daga kasuwar Ɗandume da daddare ya san jar fitilar nan mai hoton batir da ke kan dashbod. In an murɗa makulli takan kama, in inji ya tashi ta mutu. Idan kuwa ta ƙi mutuwa, ko ta dawo tana ɗan haske ana cikin tafiya, to lissafi ya canza. Motar ta daina samar wa kanta wuta, abin da ke cikin batir take ci, kuma da fitilu a kunne ba lallai ba ne ya kai shi Malumfashi. Washegari da sassafe sai gareji, wurin mai wayarin, wanda wasu ke ce wa rewaya. Gaisuwar ba ta da tsawo: "Oga, ba ta caji."

Sana'ar nan ba ta da sarki kamar ƙira ko fawa, ba ta da makaɗa, ba kuma gadonta aka yi tun kaka da kakanni ba. Amma tana da tarihinta, kuma a wannan yanki auduga ce ta share mata hanya.

Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902 don neman audugar da ba ta Amurka ba, ya tarar da ƙasar kudancin Katsina ta karɓi auduga sosai. Ya kafa gidajen gurza a Funtua da Malumfashi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ba ta samu jirgi ba. Manomi kan kai audugarsa fuloti a kan jaki, amma daga nan zuwa gidan gurza, daga gidan gurza zuwa tashar jirgi, sannu a hankali aikin ya koma hannun lori. Inda lori ta yawaita kuwa dole bakanike ya yada zango.

Manyan motocin wancan zamani yawancinsu na Ingila ne, irin su Bedford da Austin masu bodin katako, kuma kayan wutarsu na kamfanin Lucas ne na Birmingham. Abin da ke yi musu caji dainamo ne. Dainamo na da hali guda da ya wahalar da direbobi shekara da shekaru: sai inji na gudu sosai yake ba da wutar kirki. In mota na silo, ko tana rarrafe da giya ɗaya a hanyar da damina ta cinye, kusan ba abin da ke shiga batir. Ko a lokacin da yake kan ganiyarsa, dainamon Lucas da aka fi sani, C40, bai wuce amp 22 ba. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke neman gangara in za su kwana, yaron mota ya danna weji, da asuba a zare a sake ta ta tashi da giya. Wasu motocin ma da hannun murɗawa suke zuwa, a zura ta gaba a juya inji da ƙarfin damtse. Mutumin farko da ya ci abinci da wutar mota a irin waɗannan garuruwa shi ne mai cajin batir, da kwalaben ruwan batir ɗinsa da tufafinsa da asid ya huhhuje.

Gyaran dainamo aikin haƙuri ne. A jikin abin da ke juyawa a ciki akwai zobe na ƴan sassan tagulla a jere, kuma duk wutar da dainamon ya samar ta nan take bi ta shiga burushin kabon. Saboda haka burushi ba ya daɗewa, tagullar kuma tana cinyewa. Mai gyara zai goge ta da samfefa, ya karya tsohon bakin zarton ƙarfe ya bi tsakanin sassan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwaƙule abin da ya taso. Sannan ga akwatin katawut da ke gefe, mai ƴan bakuna masu haɗuwa da rabuwa, wanda in ya manne sai batir ya juye wutarsa cikin dainamon ya ƙona shi. Wani abin da ya riƙa rikita sabon yaro shi ne, motocin Ingila da yawa har tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar tarawa ne ake ɗaure wa a bodi, akasin yadda kowa ya sani yau.

Canji daga Amurka ya taso. Tun da daɗewa injiniyoyi sun san cewa in aka juya tsarin, maganaɗisu ya zama shi ke juyawa a tsakiya, naɗin wayar da ke ba da wuta kuma ya tsaya cik a jikin gida, za a samu na'ura mai sauƙin nauyi wadda za a iya juya ta da gudu ba ta tarwatse ba. Matsalar ita ce wutar da take bayarwa mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar irin wannan. Da aka samu dayod na silikon mai araha, ɗan abin da bai fi maɓallin riga girma ba, wanda yake barin wuta ta wuce waje ɗaya ya hana ta dawowa, sai hanya ta buɗe. A 1960 kamfanin Chrysler ya fito da motarsa Valiant da wannan na'ura, wato altaneta, a matsayin kayan da take zuwa da shi daga masana'anta. Turai ta biyo baya a hankali. Jaguar E-Type, motar gudun da ta fi kowace suna a Ingila a lokacin, ta samu altaneta a 1964 da aka ƙara mata girman inji zuwa lita 4.2. MGB ta samu wajen 1968. Landiroba, motar jami'an gona da na asibiti da ta san kowane ƙauye a ƙasar Katsina, sai a 1971 ta rabu da dainamo gaba ɗaya.

Ga mai motar gudu a Landan wannan ƙarin jin daɗi ne kawai. Ga direban da zai shiga ƙauyukan Ƙafur ko Faskari ya yi awa yana rarrafe, abin ya fi haka, domin altaneta na yin caji ko mota na silo. Ita ce ta sa tafiyar dare da fitilu a kunne ta zama abin da ake yi ba tare da fargabar batir ba.

Abubuwa da dama suka haɗu a ƴan shekaru kaɗan suka cika yankin da irin wannan na'ura. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ya rage wa motocin Ingila kasuwa ya buɗe wa na Faransa da Jamus. A 1975 masana'antar Fijo ta PAN ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, inda har ta jirgin sama ake kwaso sassan daga Lyon a sauke a Kano saboda cunkoson da ya toshe tashar ruwan Legas. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mai da Fijo 504 motar manyan jami'ai, daga nan kowane ma'aikaci da ya samu bashin mota ita yake hari. A shekarar 1975 ɗin dai aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya haɗa gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, a lokacin duk suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Shirin ya zuba hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya kafa cibiyoyin sayar da taki da iri, ya kawo taraktoci. Masara, wadda a da ta bayan gida ce da ake gasawa, ta zama amfanin sayarwa buhu-buhu. Buhu kuwa mota yake nema, sai ga akori-kura 404 da 504 a kowace ranar kasuwa.

Wanda ya ga 504 ta ɗauko buhunan taki da fasinja a kan lodi ba zai yi zaton tana da ƴar'uwa a filin tsere ba, amma tana da ita. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ke zana wa Ferrari jiki, shi ya yi wa Fijo zane, shi kuma ya ƙera jikin 504 mai ƙofa biyu da ta fito a 1969. Mai ƙofa huɗun ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar da mai ƙofa biyun, mai injin V6, ya kuma ci ta Bandama a Kodibuwa a shekarar. A yau waccan mai ƙofa biyu tana cikin motocin da masu tara tsofaffin motoci ke zuba wa kuɗi a Turai. In aka buɗe bonet ɗinta, sunayen da ke jikin kayan wutar su ne waɗanda tsohon mai wayarin na Malumfashi ya sha gani: Paris-Rhône, Ducellier, SEV Marchal, kamfanonin Faransa da daga baya duk suka narke cikin Valeo.

Aikin kansa bai canza sosai ba tun wancan lokaci. Mai hankali ba ya fara da kwance altaneta. Zai danna fambel da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya da ɗan wani abu, wataƙila zamewa kawai yake yi. Zai duba kan batir ko farin gishirin nan ya taru. Zai murɗa makulli ya ga ko jar fitilar na kamawa, domin a tsofaffin motoci ta cikin wannan ɗan ƙwan ne ƴar wutar farko ke bi ta tayar da maganaɗisun. In ƙwan ya ƙone, altaneta lafiyayya sai ta ƙi caji har sai an take totur, kuma an sha kwance na'urar da ba ta da laifi saboda ƙwan da bai kai kuɗin shayi ba. Mai mita zai ɗora ta kan batir: wajen volt 12.6 in inji a kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 in yana aiki. Wanda ba shi da mita yakan kara bakin sukudireba a bayan altaneta inji na juyawa, in ya ji ana jan ƙarfen ya san maganaɗisu ya tashi.

In ta kama sai an sauke, to kan batir na bodi ake fara cirewa. A sassauta notin sama mai daidaita fambel, a sassauta na ƙasa, a tura ta ciki fambel ya faɗi, a cire wayoyi. Kafin a raba gidan biyu sai maigida ya ɗauki ƙusa ya ja layi a jikinsa, don kada yaro ya mayar da shi a karkace kunnuwan su ƙi zama. Abin da ake tararwa a ciki yana nuna inda motar take kiwo. Ta hanyar burji cike take da jar ƙura. Wadda ke jigilar auduga kuwa, zaren audugar kan haɗu da baƙin mai ya toshe kafofin shan iska har dayod su ƙone don zafi. A wanke da fetur da tsohon burushin haƙori. Burushin kabon guda biyu, in sun cinye sun koma kamar milimita biyar, a narkar da dalma a zare a sa sabbi. In ba a samu daidai su ba, a ɗauko na wata na'ura a goga a dutse ko samfefa har su shiga. Zobba biyun da suke gogawa a kai a share su. Boris a juya shi kusa da kunne, in yana ƙara kamar akwai yashi a ciki a fitar. Dayod shida kuma a gwada su ɗaya bayan ɗaya da batir da ƙwan fitila: ya kama ta gaba, ya ƙi ta baya. Wanda ya kama ta ko'ina shi ne ɓarawon da ke shanye batir cikin dare mota na ajiye.

Wajen mayarwa akwai dabarar da yara ke son gani. A wasu nau'o'in, burushin kan turo kansa ya tare hanya, sai a danne shi a soka tsinken tsintsiya ta wata ƴar kafa a baya ya riƙe shi, a rufe gida, sannan a zare tsinken a ji ƙas. Sai ɗaurin fambel, inda ake yawan ɓata aikin da aka yi da kyau. Direba na tsaye yana cewa a ƙara ja, yaro ya sa ƙarfen taya ya banƙare iya ƙarfinsa. Fambel ɗin da aka ɗaure fiye da kima sabon boris yake ci, kuma a Fijo har da na famfon ruwa.

Akwai kuma ɗabi'a guda da ta rage tun zamanin dainamo wadda ya kamata a ce an binne ta tuntuni: cire kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba to tana caji. Dainamo na iya jure wannan. Altaneta kuwa in aka raba ta da batir farat ɗaya wutar kan yi tsalle, ta huda dayod ko ta kashe rigileta, a motar zamani har ta taɓa ƙwaƙwalwar mota. Gwajin da ake yi don gano cuta shi ke jawo wata, kuma mai mota ne zai biya.

Ganiyar sana'ar ta zo ne da tsananin rayuwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi, kafin 1987 ta ƙare, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, dala ɗaya na neman naira huɗu. PAN da ke fitar da dubun-dubatar motoci a shekara ta ja baya, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ɗan kasuwar hatsi, sabon kayan gyara a kwali ya zama abin kallo. Abin da a da za a jefar, yanzu dole a tashe shi. A wannan zamanin ne masu naɗin kwayil suka yi suna. Naɗin da ya ƙone sai a yanke shi, a ƙirga zagayen da masana'anta ta yi a kowane rami, a rubuta a jikin kwali ko bango, a sayo wayar tagulla mai kauri daidai daga Kano, a sake naɗawa da hannu, a shafa banish a shanya. Rigiletan wata mota a dasa wa wata. Tsohuwar tarakta ko Landiroba mai dainamo a ƙera mata kunne wurin mai walda a ɗora mata altanetar Datsun ko Toyota. Ba makarantar da ta koyar da wannan. Yaro ne ake kawowa a damƙa wa maigida, ya shekara yana wankin noti da miƙa sifana kafin a bar shi ya riƙe dalma, har ranar da za a yaye shi ya buɗe tasa rumfar. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ita ce ta zama inuwar masu sana'ar, ita ke shiga tsakani in rigima ta taso da mai mota ko da hukuma a kan fili.

Abin da ya karya wannan ƙwarewa kuwa araha ce. Tun shekarun 1980 matasan Turai kan tuƙo tsofaffin Fijo su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas su sayar a Nijar. A shekarun 1990 abin ya zama ambaliya ta tashar Kwatano, motoci da kwantenoni cike da injuna da kayan da aka kwance daga motocin Turai. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka cika da altaneta ƴar Beljiyam tsibi-tsibi. Daga Malumfashi mutum zai bi ta Dayi da Gwarzo da safe, ya dawo da ita kafin la'asar. Direban haya da ke asarar lodi kowace rana ba zai jira naɗin kwana biyu ba. Sai yawancin aiki ya koma cirewa da ɗaurawa, yaran da suka shigo sana'ar a lokacin da dama suka fita ba su taɓa naɗa kwayil ba. Ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke biya suka koya. PAN ta ci gaba da harhaɗa 504 har 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina, amma a tasha Golf da Sharon da Hayis sun riga sun karɓe layi.

A daidai wannan lokaci, a Ingila da Faransa, gyaran ya zama abin sha'awar masu hali. Mai E-Type ko 504 mai ƙofa biyu ba ya son a canza masa altanetar asali, domin lambar da ke jikinta na cikin darajar motar. Zai nemi ƙwararre ya sake mata burushi da boris da dayod, a wanke gidan ya yi fari. Har akwai kamfanonin da ke ƙera altaneta a cikin gida mai siffar tsohon dainamon Lucas, don mota ta samu wutar zamani ba tare da mai kallo ya gane ba. Matakan da suke bi, da zanen layi a jikin gida da gwajin dayod da auna lotsawar fambel, su ne dai na rumfar da ke bakin hanyar Funtua.

Motocin da ke shigowa yanzu sun zo da wani sabon shinge. A da yawansu ƙwaƙwalwar mota ce ke faɗa wa altaneta yawan wutar da za ta bayar, ta wata siririyar waya, kuma ƙwan gwaji ba ya karanta wannan saƙo. Sai da na'urar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari. Matasa masu kai da yawa sun karkata ga haɗa sola da gyaran janareta da injin ban ruwa, inda kuɗin ya fi fitowa. Altanetar da ta mutu kuwa ƴan gwangwan na jiranta, su fasa su auna tagullar a sikeli, gidan alminiyon ya tafi wurin masu zubin tukwane.

Sai dai lissafin ya sake juyawa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kayan Beljiyam da dala ake sayo su. Direban da a da zai ce a cire a jefar, yanzu yana tambaya ko za ta gyaru, ko burushi ne kawai, ko akwai wanda zai naɗa. Masu iya naɗin ba su da yawa, galibinsu waɗanda suka koya a zamanin SAP ne, kuma aikin da ke zuwa musu ya haɗa har da na famfunan rijiyar burtsatse da injinan niƙa.